Tarihin Gano Sitaf Mai Bijire wa Magani a Ɗakin Gwaji

Staphylococcus aureus, wadda ma'aikatan asibiti ke taƙaita sunanta da sitaf, ƙwayar bakteriya ce da ke zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta yi masa komai ba. Sai ta sami kafa, ta yanka ko ƙuna ko wurin tiyata ko robar ƙarin ruwa, sannan ta haddasa maruru, ƙurji, ciwon ƙashi, ciwon huhu ko gubar jini. Irin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne wanda ake kira MRSA, wato sitaf ɗin da metisilin da sauran danginsa na gidan penisilin ba sa kashewa. Da ido, ko a ƙarƙashin madubin likita, babu abin da ya raba shi da sauran sitaf. Dole sai an shuka ƙwayar a ɗakin gwaji, an haɗa ta da magani, an jira a ga abin da zai faru. Aikin nan da ake wa kallon mai sauƙi ya ci wa masana sama da shekara 40 kafin su daidaita shi, saboda ƙwayar tana da halin ɓoye taurin kanta.

Likitan fiɗa Alexander Ogston na garin Aberdeen a Sikotland shi ne ya fara bayyana ta a 1880. Ya riƙa ɗebo mugunya daga ƙurajen majinyatansa yana dubawa, sai ya ga 'yan ƙwayoyi zagayayyu a cure kamar nonon inabi. Ya raine su a cikin ƙwan kaza, ya yi wa ɓeraye allurarsu, ƙurji ya fito. A 1884 Friedrich Rosenbach a Jamus ya raba su gida biyu bisa launin tsironsu: mai ruwan zinare da fara. Ya iya yin haka ne domin a daidai lokacin ɗakin gwajin Robert Koch ya koya wa duniya shuka ƙwayoyin cuta a kan abu mai ƙarfi maimakon romo. Da farko jelatin aka yi amfani da shi, amma yana narkewa tun kafin a kai zafin jikin mutum. Fanny Hesse, matar wani abokin aikin Koch, ita ta ba da shawarar agar, wani abu da ake samu daga ciyawar teku wanda take dafa kayan zaƙi da shi a gida. Agar ba ya narkewa sai zafi ya kusan kai digiri 85, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba sa cin sa. A 1887 Julius Petri ya kawo farantin gilashi mai murfi da har yau ake kira da sunansa. A kan wannan faranti, ƙwaya guda takan hayayyafa cikin dare ɗaya ta zama curin da ido ke gani, kuma duk abin da ya biyo baya a kansa aka gina shi.

Kafin a tambayi ko ƙwaya tana jin magani, sai an tabbatar sitaf ce, kuma mai ruwan zinaren ce. Launi bai isa shaida ba, domin akwai farare a cikinta. Rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884 yana nuna ta da launin shunayya. Idan aka ɗiga mata ruwan haidrojin ferokzayid sai ta yi kumfa, abin da ya raba ta da ƙwayar sitiref. Babbar shaida kuwa ita ce daskarar da ruwan jini, abin da Leo Loeb ya lura da shi tun 1903: a zuba ƙwayar a ruwan jinin zomo cikin kwalbar gwaji, a duba bayan awa huɗu, in ya daskare to ita ce, in bai daskare ba a bar shi ya kwana a sake dubawa. A 1945 George Chapman a Amurka ya haɗa agar mai gishiri kashi 7.5 cikin ɗari da sukarin manitol da wani jan rini. Gishirin yana hana yawancin ƙwayoyi tsirowa, sitaf kuwa ba ruwanta da shi. Idan ta ci sukarin sai ta fitar da tsami, farantin ya juye daga ja zuwa ruwan ɗorawa.

Gwajin jin magani shi ma a kan farantin sitaf aka haife shi. A watan Satumba na 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, Alexander Fleming ya tarar da fumfuna ta faɗa wa wani farantinsa na sitaf, kuma curin da ke kusa da ita sun narke. Wannan fili da ya buɗe kewaye da fumfunar shi ne kakan duk da'irar da ake aunawa da rula a yau. Fleming ya riƙa yanka rami a cikin agar yana cika shi da ruwan fumfunar, ya ja layukan ƙwayoyi daban-daban zuwa bakinsa ya ga wadda za ta ja da baya. A Oxford, inda Howard Florey da Ernst Chain suka mai da penisilin magani daga 1940, Norman Heatley ya riƙa dasa 'yan bututu a kan agar yana zuba maganin a ciki. Ana cikin shekarun 1940 aka koma ga 'yan faya-fayan takarda da aka jiƙa da magani, waɗanda suka fi sauƙin aiki.

Ba a je ko'ina ba sitaf ta fara turjiya. A 1944 William Kirby ya nuna cewa wasu irinta suna fitar da wani sinadari, penisilines, mai farfasa penisilin kafin ya taɓa su. Mary Barber ta asibitin Hammersmith a Landan ta bi diddigin abin: a 1946 kimanin kashi 14 cikin ɗari na sitaf ɗin da ta samu daga majinyata ba sa jin penisilin, a 1947 suka kai 38, a 1948 suka kai 59. A shekarun 1950 wani mugun iri da ake kira 80/81, wanda aka fara gani a Ostireliya, ya bazu a ɗakunan haihuwa da na jarirai a ƙasashe da dama. Wannan annoba ce ta ƙarfafa cibiyar tantance sitaf da ke Colindale a arewacin Landan, inda a lokacin asibitocin Ingila ke aika ƙwayoyinsu a bambance irinsu ta hanyar bairos masu cin bakteriya. Dubban samfura na shigowa can a kai a kai.

Kamfanin Beecham ya samar da metisilin a 1959, ya fito da shi kasuwa a 1960 da sunan Celbenin. An ƙera shi ne yadda penisilines ba zai iya kama shi ba, aka kuma ɗauka an gama da matsalar. A watannin Oktoba da Nuwamba na 1960, Patricia Jevons ta cibiyar Colindale ta gwada samfura 5,440 da sabon maganin, ta sami uku da ba sa jin sa, dukansu daga asibiti guda a kudancin Ingila: majinyata biyu da nas ɗaya. Ta buga rahoton a mujallar likitocin Birtaniya a Janairun 1961. Uku cikin dubu biyar bai tsorata kowa ba a lokacin. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2017 ya nuna cewa irin ya samo asali tun tsakiyar shekarun 1940, wajen shekara 14 kafin a fara amfani da metisilin, wato yawan amfani da penisilin da makamantansa ne ya share masa hanya. Kafin ƙarshen shekarun 1960 ya kama asibitoci a Denmak da Suwizalan da Ingila, kuma a 1968 aka ba da rahoton ɓarkewarsa a asibitin birnin Boston na Amurka.

A nan ne masu gwaji suka ci karo da abin da ya wahalar da su shekaru da dama. Penisilines abu ne bayyananne: ƙwayar da ke fitar da shi duk zuriyarta na fitarwa. Bijire wa metisilin kuwa ba haka yake ba. A cikin curi guda, duk da cewa kowace ƙwaya tana ɗauke da gadon turjiyar, ƙalilan ne ke nuna ta sosai, wani lokaci ɗaya cikin dubu goma, wani lokaci ɗaya cikin miliyan ko fiye. Sauran suna mutuwa da ɗan magani kaɗan kamar kowace sitaf. Kuma 'yan tsirarun masu taurin kan sun fi jinkirin girma. Saboda haka idan aka shuka farantin a digiri 37, zafin da kowane ɗakin gwaji ya saba da shi, aka duba bayan awa 18, sai a ga fili tas kewaye da faifan maganin, a rubuta wa likita cewa metisilin zai yi aiki. A jikin majinyaci kuwa, maganin ya kashe masu rauni ya bar wa masu ƙarfi fili. Wanda ya bar farantin ya ƙara kwana ɗaya yakan ga 'yan mitsi-mitsin curi sun ɓullo a cikin da'irar da jiya take wayam.

Dabarun da aka samo, da lalube aka samo su, ba tare da an san dalili ba. Mary Barber, a aikin da ta buga a 1964, shekara guda kafin rasuwarta a haɗarin mota, ta nuna cewa ƙara gishiri kashi 5 cikin ɗari a agar yana sa turjiyar ta fito fili. A 1968 Annear a Ostireliya ya nuna cewa rage zafi yana yin haka shi ma: abin da ya ɓuya a digiri 37 yakan bayyana a 30. A 1969 Hewitt da Coe da Parker na Colindale suka gwada hanyoyin suka ba da shawarar a ɗauki ɗaya daga cikin biyun, ko gishiri ko rage zafi. Wasu suka gano cewa tsami yana danne turjiyar har ta ɓace, kuma shuka ƙwayoyi da yawa ya fi shuka kaɗan, domin sai da yawa ake dacewa da 'yan tsirarun. Haka ɗakunan gwajin Birtaniya suka zauna shekaru suna ajiye akwatin ɗumi na daban a digiri 30 domin faranti guda, na metisilin. Kowace dabara tana da kuɗinta. Gishirin da ya yi yawa yana hana wasu irin MRSA tsirowa gaba ɗaya, yana kuma sa wasu da ke jin magani su yi kama da masu turjiya.

Ana cikin haka, gwajin faifan takarda kansa bai da ƙa'ida guda. Kowane asibiti da irin agar ɗinsa, da kaurinsa, da ƙarfin maganin da ke faifansa, har sakamakon wani gari ba ya kamanta na wani. A 1966 Bauer da Kirby da Sherris da Turck na Jami'ar Washington da ke Seattle suka buga hanyar da ta zama ma'auni. Suka zaɓi agar ɗin da John Howard Mueller da Jane Hinton suka haɗa a Harvard a 1941, daga romon naman sa da furotin madara da sitaci, asalinsa domin rainon ƙwayoyin sanƙarau da na ciwon sanyi. Ana zuba shi kaurin milimita 4. Ana dama ƙwayar a ruwan gishiri har gurɓacewarsa ta yi daidai da ma'aunin McFarland na 0.5, wato wajen ƙwaya miliyan 150 a kowace mililita. A tsoma tsinken auduga, a matse shi a jikin kwalba, a shafe farantin ta fuska uku, a ɗora faya-fayan magani, a kifa shi a akwatin ɗumi a digiri 35. Washegari a auna faɗin da'irar da milimita a duba jadawali. Kwamitin ƙa'idojin gwaji na Amurka, wanda tun 2005 ake kira CLSI, ya karɓi hanyar a 1975. Birtaniya ta daɗe tana bin tata hanyar ta Joan Stokes, inda ake shuka ƙwayar majinyaci gefe da gefe da wata sananniyar ƙwaya a faranti guda a kwatanta.

Metisilin yana saurin lalacewa a ajiye, don haka a Amurka aka maye gurbinsa da ɗan'uwansa okzasilin, sai dai sunan MRSA ya riga ya zauna. A farkon shekarun 1980 Clyde Thornsberry da Linda McDougal na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka daidaita yawan gishirin da ya dace, daga nan aka sami farantin tacewa da ya yi shekaru yana aiki: agar Mueller-Hinton da gishiri kashi 4 cikin ɗari da okzasilin maikrogiram 6 a kowace mililita, a digiri 35 ba a wuce ba, awa 24 cif. Duk abin da ya tsiro a kai, in ya wuce curi ɗaya, ana ɗaukarsa mai turjiya. Faifan okzasilin mai maikrogiram 1 kuwa karanta shi sai gwani. Sai an ɗaga farantin sama ana kallon haske ta cikinsa, ana neman ɗan hazo ko ƙananan ɗigo a cikin da'irar, kuma mutum biyu kan kalli faranti guda su saɓa. Ga kuma wata matsalar da Thornsberry da McDougal suka bayyana a 1986: akwai sitaf da ba MRSA ba ce, amma tana fitar da penisilines da yawan da yake ɗan cin okzasilin, sai ta faɗo a kan iyaka ta rikita hukunci.

Sai a shekarun 1980 aka san abin da ake ta farauta. Magungunan gidan penisilin suna aiki ne ta hanyar manne wa furotin da ke gina katangar ƙwayar. In suka manne, ginin ya tsaya, ƙwayar ta fashe. Brown da Reynolds a Cambridge a 1980, sannan Hartman da Tomasz a Jami'ar Rockefeller ta New York a 1984, suka nuna cewa MRSA tana da ƙarin magini guda, PBP2a, wanda maganin ba ya kama shi da kyau, sai ya ci gaba da gini bayan an ɗaure sauran. A 1986 aka ware ƙwayar gadon da ke samar da shi, mecA, daga baya ƙungiyar Keiichi Hiramatsu a Tokyo ta nuna cewa tana zaune ne a cikin wani gutsuren gado da sitaf ta aro daga waje. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa MRSA ke bijire wa kusan duk gidan a lokaci guda: kulokzasilin da ke cikin Ampiclox, da amoksisilin ko an haɗa shi da mai kare shi, da seftiriyakzon. Daga farkon shekarun 1990 gano mecA da na'urar PCR ya zama ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi, kuma a ƙarshen shekarun aka fito da gwajin 'yan ƙwayoyin roba masu dunƙulewa idan suka haɗu da PBP2a, wanda ke ba da amsa daga curi cikin kusan minti 15.

Da aka sami ma'auni na gaskiya sai aka ga yawan kuren da okzasilin ke yi. Mafita ta zo daga wani magani da ba don sitaf aka yi shi ba. Masu bincike a Faransa a 2001 da 2002, sannan Robert Skov da abokansa a Denmak, suka nuna cewa sefoksitin ya fi okzasilin tono MRSA. Dalilin shi ne mecA tana da makunni, kuma a yawancin iri a kashe take ko a rage har sai ta ji ƙanshin magani. Okzasilin ba ya kunna ta sosai, sefoksitin kuwa yana kunna ta da ƙarfi, sai duk zuriyar ta nuna halinta a lokaci guda. Bugu da ƙari penisilines ba ya cin sa, don haka masu faɗowa a kan iyaka suka daina rikita lissafi. Ba a bukatar ƙarin gishiri, ba a bukatar akwatin digiri 30, ba a bukatar ɗaga faranti ana ƙyafta ido: bakin da'irar a yanke yake. CLSI ta karɓi faifan sefoksitin mai maikrogiram 30 a tsakiyar shekarun 2000. Ƙa'idar da ta zauna ita ce awa 16 zuwa 18 a digiri 33 zuwa 35. Da'ira mai milimita 22 ko fiye tana nufin ƙwayar na jin magani, 21 ko ƙasa MRSA ce. Kwamitin Turai, EUCAST, shi ma a kan 22 ya tsaya. A 2013 CLSI ta cire faifan okzasilin daga gwajin wannan ƙwaya. Cikin duk gyare-gyaren da aka yi tun zamanin Jevons, da wuya a sami wanda ya kai wannan amfani, ga shi kuma bai fi kuɗin faifan takarda guda ba.

Akwai wata tambayar daban da ta taso tun da asibitoci suka gane cewa masu ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba su ne ke yaɗa ta. A nan ba curi tsarkakakke ake gwadawa ba. Tsinken auduga ne da aka murza a ƙofar hanci, da maƙogwaro, da matsematsi, ɗauke da ƙwayoyi iri-iri, ana neman MRSA ƙalilan a cikinsu. Holan da ƙasashen Sikandinebiya sun gina tsarinsu a kan haka tun shekarun 1980: a nemo mai ɗauke da ita, a keɓe shi, a wanke masa hanci da jiki da magani, kuma MRSA ta tsaya a wajen kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na sitaf ɗin da ake samu a jini a can. Ingila, inda ta kai wajen kashi 40 a farkon shekarun 2000, ta wajabta ba da rahoto a 2001, ta kuma fara tace masu shiga asibiti a 2009. Farantin da aka fara amfani da shi shi ne na Chapman da aka ƙara wa okzasilin, amma yakan ɗauki awa 48, kuma wasu sitaf marasa daskarar da jini su ma suna cin manitol su ba da ruwan ɗorawa. Wasu ɗakunan gwaji a Birtaniya suka ɗauki agar Baird-Parker na 1962, mai gwaiduwar ƙwai, wanda sitaf ke fitowa baƙa a kansa, suka ƙara masa siprofulokzasin saboda irin da suka addabi asibitocinsu ba sa jin sa. Dabarar ta yi aiki har zuwa lokacin da MRSA ta cikin gari ta bayyana, wadda aka gani a ƙauyukan yammacin Ostireliya a farkon shekarun 1990 kuma ta kashe yara huɗu a jihohin Minnesota da Dakota ta Arewa tsakanin 1997 da 1999. Da yawa daga cikin wannan iri suna jin siprofulokzasin, sai farantin ya kashe abin da ake nema. Jiƙa tsinken a romo mai gishiri ya kwana kafin a shuka yana ƙara yawan waɗanda ake kamawa, sai dai yana ƙara kwana guda.

Agar mai fitar da launi ne ya gajarta jiran. Alain Rambach na Faransa ya ɓullo da dabarar ɗaura rini marar launi a jikin wani abinci da ƙwaya guda kaɗai ke iya yankewa. In ta yanke, rinin ya saku ya rina curin. A farkon shekarun 2000 aka haɗa wannan da sefoksitin ko makamancinsa. A kan CHROMagar MRSA curin yakan fito da launi tsakanin ruwan hoda da shunayya, a kan na kamfanin bioMérieux kore, a kan MRSASelect ruwan hoda, a kan Brilliance shuɗi. Mafi yawa suna bayyana cikin awa 18 zuwa 24. Barin farantin ya kai awa 48 yana ƙara kama kaɗan, yana kuma ƙara curin ƙarya, shi ya sa ake tabbatar da duk mai launi da gwajin daskarar da jini ko na'urar tantance furotin. Farantan ba sa son haske, a duhu ake ajiye su cikin firji.

Da gwajin PCR kai tsaye daga tsinken hanci ya samu izini a Amurka a 2004, kuma na'urar GeneXpert, wadda aka fi sani a Nijeriya da Nijar wajen gwajin tarin fuka, ta biyo da nata a 2007, mutane da yawa sun ɗauka kwanan faranti ya ƙare, tunda amsa na fitowa cikin awa ɗaya ko biyu. Amma PCR abin da aka koya mata kaɗai take gani. A 2011 ƙungiyar Mark Holmes a Jami'ar Cambridge ta ba da rahoton wata sitaf daga madarar shanu a kudu maso yammacin Ingila wadda a kan faranti MRSA ce ƙarara, PCR kuwa ta ce ba ta da mecA. Ashe wata 'yar'uwar mecA take ɗauke da ita, wadda kamarsu ba ta wuce kashi 70 cikin ɗari ba, aka sa mata suna mecC. Da aka koma ma'ajiya a Denmak aka same ta a samfurin wani majinyaci na 1975. Faifan sefoksitin yana kama ta, okzasilin kuwa sau da yawa yana kuskure ta. A 2022 wani bincike a mujallar Nature ya kai asalinta ga bushiyar Turai: wata fumfuna da ke fatar bushiya tana fitar da sinadarai irin na penisilin, kuma sitaf ɗin da ke zaune tare da ita ta koyi jure su tun cikin ƙarni na 19. Farantin yana da wani fifikon kuma: yana barin ƙwaya mai rai a hannu, wadda za a gwada da sauran magunguna, a tantance irinta, a adana.

Gwajin sauran magungunan yana da nasa tarkon. Bankomaisin, wanda aka daɗe ana dogaro da shi a kan MRSA, ƙwayarsa babba ce ba ta ratsa agar da kyau, don haka faifan takarda bai iya nuna irin da Hiramatsu ya bayyana a Japan a 1997, mai kaurara katangarta ta rage jin maganin. Sai an auna mafi ƙanƙantar magani da ke hana tsiro, ko a jerin 'yan ramuka masu romo, ko da tsinken roba na Etest da aka ƙera a Suwidin, wanda ke ɗauke da magani daga kaɗan zuwa mai yawa. A ƙa'idar CLSI, maikrogiram 2 a mililita ko ƙasa ana cewa tana ji, 4 zuwa 8 tsaka-tsaki, 16 ko fiye ta bijire, irin wadda aka fara gani a jihar Michigan a 2002. Kilindamaisin kuwa ana ɗora faifansa kusa da na eritromaisin, tazarar milimita 15 zuwa 26. Idan da'irarsa ta baje ta ɓangaren maƙwabcin ta yi siffar harafin D, to akwai ɓoyayyiyar turjiya da za ta farka ana tsakiyar magani.

Kiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ɗora wa MRSA mutuwar sama da mutum 100,000 a 2019, ya kuma nuna cewa yammacin Afirka ta kudu da Sahara ce ta fi ko'ina yawan mace-mace daga ƙwayoyi masu bijire wa magani idan aka kwatanta da yawan jama'a. A wannan yanki faranti da faifan sefoksitin su ne abin da yawancin ɗakunan gwaji ke iya saye, kuma ingancinsu ya rataya ne a kan ƙananan abubuwa. Akwatin ɗumi dumamawa yake yi, ba ya sanyayawa, don haka a watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska yana iya wuce digiri 35 da kansa. Faya-fayan gidan penisilin suna rasa ƙarfi in suka sha zafi ko laima, faifan da ya mutu kuwa yana mai da kowace sitaf MRSA. Dogaro da ruwan ɗorawar manitol ba tare da gwajin daskarar da jini ba yana shigo da ƙwayoyin da ba Staphylococcus aureus ba cikin lissafi, kuma da yawansu suna ɗauke da mecA. Shi ya sa ƙa'idojin CLSI da EUCAST, da tsarin sa ido na GLASS da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2015, suka tanadi a riƙa gwada sanannun ƙwayoyi tare da na majinyata. A tsarin CLSI, ATCC 25923 ce ake auna ƙarfin faifai da ita, ATCC 43300 kuma MRSA ce mai ɓoye turjiyarta, wadda dole farantin tacewa ya nuna ta kafin a amince da sakamakonsa.